Kafin Ka Sayi Sabon Inji, Alhaji, a Duba Farfela

Wani ɗan kasuwa daga Aboabo a Kumasi ya aiko da tambaya. Yana da jirgin fito a Yeji mai injin Yamaha 40, yana ɗauko doya da busasshen kifi daga ƙauyukan bakin tafkin Volta. In an yi lodi sai injin ya riƙa nishi, mai yana ƙarewa, tafiya ba sauri. Direba ya ce a sayi babban inji, mai shago kuma ya ce a sa babbar farfela. Wanne zai bi?

Alhaji, kada ka bi ko ɗaya tukuna. Kowa cikinsu yana da abin da zai ci a cinikin, kai ne mai fitar da sidi.

Ka sa a ciro farfelar, a wanke gindinta, za ka ga lamba biyu, misali 11 x 13. Ta farko faɗinta ne a inci. Ta biyu ita ce nisan da take ciza cikin ruwa a juyi ɗaya, kuma nan kuɗinka yake zurarewa. Lamba ta biyu in babba ce tana ba jirgi mara kaya gudu, amma ga mai lodi kamar tayar da tirela ne a giya ta huɗu. Shi ya sa shawarar mai shago za ta iya ƙara maka ciwo.

Yamaha ta tsara injinta na 40, samfurin E40X, ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti in an buɗe masa wuta duka. A nemo makanike mai mitar ƙirga juyi, a yi gwajin ranar kasuwa, da doyar da fasinjan a ciki, ba jirgi wayam ba. In bai kai 4,500 ba, farfelar ta yi masa nauyi. Rage inci ɗaya daga lamba ta biyu yakan ƙara juyi 150 zuwa 200, sai ka yi lissafin nawa za a sauko. In kuwa ya zarce 5,500, a ƙara, don ihu kawai yake yi yana cin kansa. In juyin yana daidai amma jirgin na jan ƙafa, to kayan ne suka fi ƙarfin injin, a nan direbanka ya yi gaskiya.

Sai maganar ƙarfe. Tun da aka gama madatsar Akosombo, wadda ta haifar da tafkin Volta, a 1965 ruwa ya shanye daji, kututturan suna nan ƙarƙashi har yau. Ni dai a wannan tafki alminiyam zan saya. In ta bugi itace, kunnenta yakan lanƙwashe ko ya karye, ta kare maka giya. Ta ƙarfen da ba ya tsatsa ta fi ƙarko da tsada, amma dukan yakan wuce ciki, gyara ya ninka.

Ka sayi biyu, ɗaya ta zauna cikin jirgi da sifana da fin. Ranar sayen kuma ka riƙo tsohuwar a hannu, a ƙirga haƙoran cikinta a gabanka su zo daidai kafin ka biya.