Ɗan ɓeran magen Hajiya

Ɗazu ka zo mini da ƙunshin busasshen ganyen da Hajiya ta kawo, wanda ɗanta ya aiko mata daga Ingila, ka ce tana so a ɗinka wa magenta ɗan ɓera na wasa a zuba ganyen a ciki. Ka tambaye ni ko ka yanki ragowar shaddar nan, ka liƙa maɓallai biyu su zama idanu, ka sa igiya ta zama wutsiya. Sannan ka rage murya ka ce, "Maigida, anya wannan ba kayan maye ba ne?" Lokacin ina kan wuyan riga, shi ya sa na ce ka bari sai mun yi la'asar. To jawo kujera, yarona.

Mu fara da abin da ya fi damun ka. Turawa na kiran ganyen nan katnif, masana tsirrai kuma Nepeta cataria. Dangin na'ana'a ne da ɗoɗɗoya, ɗan murza shi ka sunsuna za ka ji kamar. Asalinsa Turai da Asiya, daga baya aka kai shi Amurka ya bazu. A cikinsa akwai wani mai mai saurin bin iska da ake kira nepetalakton, wanda masu bincike a Jami'ar Wiskonsin suka fara warewa a 1941. Ta hanci yake yi wa mage aiki. Da ta shaƙa sai ta hau goga kumatu, ta yi birgima, wata har da dalalar da miyau. Minti 10 zuwa 15 abin ya wuce, ta tashi ta yi tafiyarta, ko ka kai mata shi bakin hanci ba za ta kula ba sai bayan awa ɗaya ko biyu. Ba ya zame mata jaraba, mutanen Turai ma tun da can suna dafa shi su sha kamar shayi. Saboda haka taɓa shi da hannunka babu komai. A 2021 wasu masana a Jami'ar Iwate ta Jafan sun nuna cewa idan mage ta yi birgima a kan irin waɗannan ganyaye, man da ya shafi gashinta yana korar mata sauro. Ni wannan ya burge ni ƙwarai.

Amma kafin ka karɓi ko kwabo, ka gaya wa Hajiya gaskiya: kusan mage ɗaya cikin uku ba ta jin ganyen nan sam, abin gado ne a jininsu, kuma 'yan jariran da ba su kai wata uku ba su ma ba ruwansu da shi. Ta ɗan barbaɗa kaɗan a ƙasa ta gani tukuna, kada gobe a ce ɗinkinmu ne bai yi ba.

Yanzu ga inda aikin tela yake. Kai kana kallon abin da idon Hajiya, kana so ya yi kyau a kan kujerar falo. Ni ina so ka kalle shi da haƙoran mage. Ka taɓa tsayawa ka ga yadda muzuru ke yi da abin da ya kama? Yana rungume shi da ƙafafun gaba, ya kafa haƙora a wuya, ya kwanta ta gefe, sannan ya dinga shuri da ƙafafun baya, farata a waje. Duk abin da ka liƙa sai ya cire shi, duk abin da ya cire kuma cikinsa zai tafi.

Na san wannan ne don na taɓa yin kuskuren da kake shirin yi. Shekarun baya wani mai sayen ɗinki a wurina ya roƙe ni irin wannan aiki, na tufka zaren aiki mai tsawon kamu ɗaya na yi wa ɓeran wutsiya, na ji daɗin yadda ya fito. Bayan kwana huɗu ya dawo fuska ba annuri. Magen ta daina cin abinci, sai amai. Likitan dabbobi ya buɗe bakinta ya tarar da bakin zaren ya naɗe a gindin harshe, sauran ya bi ciki. Ya ce musu hanjin yana ta ƙoƙarin tura zaren, zaren kuma a ɗaure yake a sama, sai hanjin ya tattare a jikinsa. Da aka gaya mini ban buƙaci ƙarin bayani ba, don kullum ina ganin yadda ƙugun wando ke tattarewa idan aka ja zariya. Sai da aka yi mata tiyata. Allah Ya sa ta rayu, amma na daɗe abin yana cina. Tun daga ranar, babu igiya, babu maɓalli, babu tsakiya, babu ƙararrawa a duk abin da zan ɗinka wa dabba. Kuma ka riƙe wannan ka faɗa wa Hajiya: idan ta taɓa ganin zare na leƙowa daga bakin mage ko ta bayanta, kada ta ja, ta kai ta wurin likita.

Shadda ba ta dace ba. Sitaci da walƙiyar da ke jikinta suna toshe saƙar, ƙamshin ba zai fita sosai ba. Leshi kuwa farce zai maƙale a ramukansa. Nemo tsohon wandon jins ko kaki, auduga mai ƙarfi wadda iska ke ratsawa. Ka wanke shi da ruwa zalla ka shanya, musamman idan ya kwana a akwatin da muke zuba kafur, domin kafur guba ne ga mage. Turare ma kada ya kusance shi.

Siffar ɓera ƙarami ba ta ba mage wurin shuri. Yi shi dogo kamar saiwar rogo. Yanka ƙyalle inci 11 a tsawo, inci 7 a faɗi, ka ninka shi biyu ta tsawon, baibai. Sa allura lamba 16 a keken, ka matse ɗinkin ya yi ƙanana, ka bar rabin inci daga baki. Bi layin sau biyu, na biyun kusa da na farko, a kowace kusurwa ka koma baya ka sake dannewa. Bar gefe ɗaya na faɗin a buɗe, ka juya shi. Idan Hajiya ta nace sai ya yi kama da ɓera, yanko kunnuwa daga jins ɗin nan ka cusa su cikin ɗinkin tun kafin ka bi layin, yadda keke zai taka su sau biyu. Wutsiya ma ƙyalle ne mai faɗin yatsa biyu, gajere, a kalmashe. Idanu kuwa a bar su.

Wajen cikawa, zuba ganyen a tafin hannu ka tsince tsinkayen, don suna huda yadi su soki dasashi. Murza shi kaɗan ya farfashe, a nan ne man ke fitowa. Babban cokali ɗaya ko biyu ya isa, idan mage ta ci da yawa yana iya ɓata mata ciki. Ka riƙa sa auduga, ka barbaɗa ganye, ka ƙara auduga, har ya cika, ganyen ya fi yawa kusa da jikin yadin. Kada ka kwashi sharar ƙarƙashin keke ka cusa, cike take da guntayen zare, wani lokaci har da karyayyar allura. Kada kuma ka danƙare shi kamar matashin kai, bar shi da ɗan taushi yadda haƙori zai nutse. Lanƙwasa bakin ciki, ka taka shi da keke sau biyu, ka bi duk wani zare da ya leƙo da almakashi. Sannan ka kama shi da hannu biyu ka ja da ƙarfinka. In ka ji ɗinki ya yi ƙara, farke ka sake.

Na lura da yadda ka yatsina fuska da aka ce aikin na mage ne. Kada ka raina shi. Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, daga 'yar kyanwar da yake ɗauka ya sami wannan laƙabi.

Zafin garin nan zai cinye ƙamshin cikin 'yan makonni idan aka bar abin a tsakar gida. Ce mata ta riƙa ba magen sau biyu ko uku a mako, in ta gama a ɗauke a rufe a kwalba mai murfi, ragowar ganyen ma haka, a inuwa ko a firji. In ƙamshin ya mutu ta dawo da shi mu farke baki mu sabunta. In kuma ganyen ya ƙare, kada a ce za a musanya da man na'ana'a ko man turare na kwalba, irin waɗannan mayukan suna cutar da hantar mage.

Akwai tsohon jins a ƙasan buhun can na bayan ƙofa. Ɗauko ka wanke yanzu ya bushe kafin magariba, gobe da safe ka yanka a gabana.