Tambayoyinku: Cajin Waya a Doguwar Tafiyar Keke

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin tafiyar kwana goma a keke, galibi zan kwana inda babu wuta, kuma wayata ce taswirata. Dainamo zan sa ko farantin sola?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, fara da fawa banki mai 20,000mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka). Amma kada lambar ta ruɗe ka. Ana asara wajen juya wutar daga bolt 3.7 zuwa bolt 5, don haka waya mai batir 4,000mAh za ta cika kamar sau uku ne kawai.

Dainamon da ke cibiyar tayar gaba yana ba da bolt 6, wat 3, kuma ba a jona masa waya kai tsaye. Sai an sa 'yar na'urar da ke daidaita wutar ta koma ta USB. Inda gizo ke saƙar shi ne gudu. A kilomita 15 cikin awa komai lafiya lau, amma da ka kama hawan tudu sai wutar ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Duk dawowa allon waya ya haska, ya sha fiye da abin da ya shiga. Saboda haka dainamo ya ciyar da bankin da rana, bankin ya ciyar da waya da dare. Awa shida kana taka feda zai ba ka kusan caji ɗaya, in fitilar keken a kashe take.

Sola kuwa ya fi amfani lokacin hutu. Shimfiɗe a kan kaya ana tafiya, ga inuwar bishiya, ga ta bayanka, ba ya taɓuka abin kirki. Nemi mai wat 20 ko fiye, ka fuskantar da shi ga rana, bankin kuma ka tura shi inuwa, domin batirin litiyam ba ya son caji in zafi ya haura digiri 45. A ganinmu, mai yini kan sirdi dainamo ya fi masa.

Tambaya: Bakin cajin wayata ya saki bayan tafiya ɗaya. Me ya jawo?

Amsa: Girgiza ce. Igiyar tana rawa cikin ramin duk gargadar da ka taka. Yi amfani da gajeriya mai lanƙwasasshen kai, ka ɗaure ta a kan keken. In ruwa ko gumi ya shiga ramin, bar shi ya bushe sarai kafin ka jona, in ba haka ba ƙarafunan ciki su yi tsatsa.