Bangon gidana ya tsage, an ce a tone harsashi: in yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Gidana yana Numan. Bangon falo ya tsage daga kusurwar taga, ƙofa ta fara cijewa. Ɗan kwangila ya duba kyauta, ya ce a tone harsashin gaba ɗaya a zuba sabon kankare, kuma kuɗin da ya yanka da yawa. In ba shi aikin?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ka dakata tukuna. Ba ina cewa mutumin macuci ba ne, amma wanda zai ci riba da gyara bai kamata ya zama shi ke yanke hukunci kan irin gyaran ba. Ka nemi injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya tun 1970, ka biya shi kuɗin dubawa, ya ba ka rahoto a rubuce da hatiminsa. Sharaɗi ɗaya: kada ya kasance yana da hannu a kwangilar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne garin da ka ambata. Yankin Numan, kamar wasu sassan Gombe da Borno, yana da baƙar ƙasar laka mai kumbura da damina, ta tsuke ta dare da rani. Gini a kanta yana ɗagawa yana sauka. Sau da yawa laifin na ruwa ne: indararo mai zuba a gindin bango, sokawe ko bututu mai yoyo, ko darbejiya da ke kusa tana tsotse damshin gefe guda. In ba a magance wannan ba, ko an zuba kankaren, tsagar na iya dawowa, kuɗi sun tafi a banza. Abin na damuna, domin gumin shekaru ne mutane ke zubawa.

Injiniyan zai sa a haƙa rami ɗaya ko biyu a jikin harsashin, ya ga zurfinsa, ya kai ƙasar gwaji. Zai auna tsagar. Wadda ba ta kai milimita 5 ba yawanci cikewa take buƙata. Wadda ta wuce milimita 15 babbar magana ce. Yana iya manna alama a kanta, a sa ido daga rani zuwa damina a ga ko tana ƙaruwa.

In ta tabbata sai an ƙarfafa harsashin, ba a tone shi lokaci guda, haka kan jawo rushewa. Gaɓa-gaɓa ake yi, kamar mita ɗaya, a tsallake na kusa har kankaren ya ƙanƙame. Da rahoton a hannu, ka sa 'yan kwangila biyu ko uku su yi maka farashi kan aiki iri ɗaya.

Amma in bangon ya karkata, ko tsagar na buɗewa cikin kwanaki, ka fitar da iyali daga ɗakin yau, ka kira injiniyan da gaggawa.