Bindiga ɗaya za ta yi harbin faifai da farautar agwagwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Akanso ta Amurka. Abokan aikina sun ja ni filin harbin faifai, wato ƙananan faya-fayan yumɓu da inji ke wurgawa sama ana harbinsu, na ji daɗin abin, yanzu kuma suna so in bi su farautar agwagwar ruwa idan sanyi ya shigo. Kuɗin bindiga ɗaya kawai nake da shi. Wace iri zan saya da za ta yi mini aikin biyu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Za ta yi, amma ka san ta inda za ka faro. Bindigar agwagwa takan shiga filin faifai ta fito da mutuncinta. Bindigar da aka ƙera don gasar faifai kuwa, in ka kai ta fadama wahala za ku sha kai da ita. Don haka ta fadama za ka nema, sannan ka tabbatar tana cin ƙananan harsasai ba gardama. Da ni ne, mai geji 12 (geji ma'aunin faɗin ramin bututu ne) zan ɗauka, mai ɗura kanta da ƙarfin iskar albarushi, bututunta inci 28, mai karɓar harsashi inci 3.

A filin faifai zagaye ɗaya faifai 25 ne, kuma mutum kan yi zagaye huɗu a yini bai ankara ba. Harbi ɗari ke nan a kafaɗa ɗaya. Harsashin ƙarami ne, inci biyu da uku bisa huɗu, ƙwayoyinsa 'yan mitsi-mitsi masu lamba 7½ ko 8, nauyinsu giram 24 zuwa 32. A fadama kuwa kana iya wuni ba ka yi harbi goma ba, sai dai kowane ɗaya mai nauyi ne, ga laka, ga ruwa, ga sanyin da ke sa yatsu su ƙage, ga kare ya fito da agwagwa a baki ya girgije jikinsa a kan bindigarka. Mai aiki da iskar albarushi, irin Beretta A300 da A400 ko Winchester SX4, tana rage dukan kafaɗa saboda wani ɓangare na ƙarfin harbin yana tafiya wajen tura kwanso waje da ɗura sabo. Ladanta shi ne wanki: toka na taruwa a ciki, in ka yi kasala za ta fara cijewa. Irin su Benelli M2 kuma da girgizar harbin suke aiki, ba sa datti sosai, ba su da nauyi, mafarauta na son su. Amma sun fi naushi, kuma wasunsu kan yi taurin kai da harsashi mai sauƙi kafin su saba.

Za ka ga manyan 'yan gasa da mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, Browning Citori ko Beretta 686, ranka ya biya. Bindigogi ne na kirki, ba na musu. Matsalar ita ce sai an karya ta ake ɗura ta, kuma a cikin ƙaramin kwale-kwale ko maɓoyar ciyawa, kana karya ta bakin ya nufi ƙasa ya caki laka ko ruwa. Laka a cikin bututu ba abin wasa ba ne, tana iya fasa shi a harbi na gaba. Harsashi biyu kawai take ɗauka, kuma zuciyarka ba za ta so ganin katakon goro mai sheƙi yana shan ruwa ba. In aljihu ya yi ƙunci, mai famfo, wadda ake ja da hannu a ɗura ta bayan kowane harbi, irin Remington 870, wadda ake ƙerawa tun 1950, ko Mossberg 500, ba ta san ruwa ko ƙanƙara ba. Sai dai in aka saki faifai biyu a tare, hannunka ne zai yi aikin da inji ke yi wa na kusa da kai.

Mai shago zai so ya sayar maka da mai cin harsashi inci uku da rabi. Ni na taɓa faɗawa. Na biya ƙarin kuɗi, na harba dogon harsashin bai fi sau goma ba na haƙura don kafaɗata, kuma a filin faifai sai ta riƙa barin kwanso rataye a bakin ƙofa. Wannan tsawon an fito da shi ne a 1988 don masu harbin manyan dinya daga nesa. Agwagwar da aka yaudaro da 'yan gumakan roba ta sauko cikin yadi 30 ko 35, inci 3 ya ishe ta har da ragi.

Batun da ya fi muhimmanci, wanda sabon shiga kan manta, shi ne ƙwayar harsashin. Tun 1991 Amurka ta haramta harbin tsuntsayen ruwa da dalma a duk faɗin ƙasar, saboda agwagi na tsintar ƙwayoyin a ƙasan ruwa su haɗiye gubar ta kashe su. Abin da aka fi amfani da shi yanzu ƙarfe ne. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, in girmansu ɗaya, giram 7.8 ne a inda dalma ke da 11.3, shi ya sa ake ƙara girman ƙwaya da mataki biyu: lamba 2 ko 3 ko 4 don agwagwa (ƙaramar lamba ita ce babbar ƙwaya), BB da ta fi su girma don dinya. Ƙarfe kuma ba ya lanƙwasuwa idan ya iso matsin bakin bututu, wanda ake kira cok. Saboda haka ka sayi bindiga mai cok na ɗaurawa da kwancewa, ka duba an rubuta a jikinsa cewa yana ɗaukar ƙarfe. Kada ka wuce matsakaicin matsi da ƙarfe, don dama shi ya fi dalma dunƙulewa a iska. Cok biyu za su yi maka kusan komai, mai ɗan faɗi don faifan kusa da agwagwar da ta sauko, matsakaici don na nesa. Wannan ne kuma ya sa ba na ba ka shawarar tsohuwar bindigar gwanjo mai matsin da ba ya cirewa, komai arharta.

Dokar tarayya ta kuma ce bindigar harbin tsuntsaye masu ƙaura kada ta ɗauki fiye da harsashi uku, don haka akwai wani toshi da ake sa wa a ma'ajiyar harsasanta don rage yawan da take ɗauka. Ka tabbatar yana ciki kafin jami'in gandun daji ya tabbatar maka. Ban da lasisin jiha, duk wanda ya kai shekara 16 sai ya sayi kan sarkin agwagwa na tarayya, tsarin da ya faro a 1934.

Kafin ka biya, ka sa rigar sanyin da za ka je fadama da ita, ka rufe ido, ka ɗaga bindigar zuwa kunci, ka buɗe. In idonka ya faɗa daidai kan layin saiti, taka ce. In sai ka karkata wuya kana nema, ka ajiye ta ko da sunanta ya fi kowa. Yawancin masu ɗura kansu na zuwa da 'yan faranti da ake sauya karkatar gindin bindigar da su, da robar da ke ƙara ko rage tsawo, abin da za ka buƙata tunda rigar bazara da ta hunturu ba kaurinsu ɗaya ba. Ka guji wadda aka yi musamman don gasar tarap, inda faifan ke tashi sama yana nisantar mai harbi, domin da gangan aka saita ta ta harba sama da inda ka auna. Gindin roba baƙi ya wadatar, launin ɓad-da-kama ba dole ba ne.

Ranar da ka karɓo ta, ka kafa faffaɗar takarda a yadi 40, ka zana da'ira mai faɗin inci 30, ka harba da harsashin faifai sannan da na ƙarfe, kowane cok da takardarsa. Sai ka je filin da ake sakin faifai ta kusurwoyi daban-daban, ka roƙi wanda ke tahowa ta saman kai da wanda ke gilmawa, ka riƙa farawa bindiga na ƙasa da kafaɗa, kamar yadda za ta kasance a hannunka idan garken ya ɓullo ta kan itatuwa da asuba.