Amsa a kan 'yan dubiya da biki tsakanin kemo da kemo

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Yaya lafiya, Ya sa kaffara ne. Kin ce ana yi mata kemo (maganin asibiti mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin ciwon daji) na ciwon dajin mama duk bayan sati uku, gida ba ya rabuwa da 'yan dubiya, ga bikin ƙanwarku ya matso, kun rasa wa za ku tare, wa za ku bari.

Kwana 21 ɗin nan ba ɗaya suke ba. Ku ɗauki kalanda, ranar da aka sa mata maganin ku kira ta rana ta 1, sannan ku raba mutane a kan kwanakin.

Kwana uku zuwa biyar na farko na tashin zuciya ne da kasala. Mutum ɗaya ko biyu sun isa, waɗanda ba ta jin nauyin yin amai a gabansu. Maganin amai a ba ta a kan lokacin da likita ya rubuta, ba sai aman ya taso ba. Turaren wuta, humra da ƙamshin suya duk suna tayar mata da zuciya, don haka mai shiga ɗakin ta haƙura da kwalliyar ƙamshi, girki kuma a yi shi nesa da tagarta. A awa 48 na farko maganin yana fita ta fitsari da amai, sai mai jinya ta sa safar hannu, a kora bayi da ruwa sosai, kayan da suka ɓaci a wanke su daban. Mai ciki kada a ba ta wannan aikin.

Inda ake yawan yin kuskure shi ne daga wajen rana ta 7 zuwa ta 14. Aman ya tsaya, ta fara cin abinci, har tana zama a tsakar gida, sai a ce ai ta samu sauƙi, a buɗe ƙofa kowa ya shigo. Alhali a lokacin ne fararen ƙwayoyin jininta, masu yaƙi da cuta, suke yin ƙasa sosai. Murar da wani zai sha da shayi ya warke, ita tana iya kwantar da ita a asibiti, har a ɗaga ranar kemo na gaba. A waɗannan kwanaki a ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. Mai tari, mai mura, mai gudawa, da yaron da ke da ƙyanda ko ƙarambau, su yi dubiyarsu ta waya. Masu lafiya su shigo bibbiyu, minti goma sha biyar, a inda iska ke shiga, ban da musabaha da runguma. Idan an ɗiga wa jariri maganin shan inna a gidan, kada ita ta canja masa kunzugu. Abinci kuwa mai zafi, dafaffen gida. Nonon talla da ba a tafasa ba, tsiren bakin titi, kwaɗon ɗanyen ganye, zoɓo da kunun ayan leda, duk a jingine su ko da ƙawa ce ta kawo da kyakkyawar niyya. Ta kwana cikin gidan sauro.

Ku sayi ma'aunin zafin jiki, kowa a gidan ya iya karanta shi. In ya kai 38, ko tana rawar sanyi, asibiti za a tafi a take, ko ƙarfe biyun dare ne, a kuma faɗa musu tun daga bakin ƙofa cewa tana kan kemo. Kada a ba ta farasitamol a ce a ga safiya, domin yana rufe zazzaɓin ne, cutar tana ci ta ciki.

Sati na uku shi ne naku. Nan ake tara 'yan'uwa, a yi hira, a ci abin da ranta ke so. Ku lissafa ranar bikin. In ta faɗo a nan, kuma likitanta ya yarda, ta je wuni na awa ɗaya ko biyu, ta zauna a fili da takunkumi, ba cikin ɗakin amarya da ake cunkushewa ba. In ta faɗo a sati na biyu, amarya ce za ta zo mata. Tsallake kemo saboda biki kam ba shawara ba ce.

Kowa ya zo sai ya ce "in da abin da za mu yi, ku faɗa". To ku faɗa, kunya ba ta da amfani a nan. Wane mai mota, wayarsa a kunne da dare. Wance ita ke kai yara makaranta da ɗauko su. Mata uku su raba girkin sati. Wani ya raka ta gwajin jinin da ake yi kafin kowane zagaye, ya riƙe takardun a jaka ɗaya. Samari masu lafiya su je a gwada rukunin jininsu tun yanzu, don in an ce a kawo jini ba a shiga neman mutane a rikice ba. Kuɗin gudummawa ya bi ta hannun mutum ɗaya mai rubutawa, tun da zagayen na iya kai shida ko takwas, kuma jama'a sukan yi yawa a na farko su janye a na huɗu. Mutum ɗaya kuma ya riƙa ba da labarin jikinta a WhatsApp, don kada ta wuni tana amsa "ya jiki" sau hamsin. Mai jinya ma a riƙa karɓarta, ko kwana biyu a sati.

Sai masu kawo magani. Wannan da saiwa, wancan da garin da aka ce ya warkar da wance. Ku karɓa da godiya, ku ajiye, kada ta sha komai sai likitanta ya gani, don wasu suna wahalar da hanta da ƙoda waɗanda dama kemo ya ɗora wa aiki. Mai labarin wadda ta rasu da irin ciwon, a ja ta waje cikin dabara. Wadda kuma ke gudun kofinta, a gaya mata ciwon daji ba a ɗaukarsa.

Gashinta zai iya fara zuba sati biyu zuwa uku bayan zagayen farko. Ku tambaye ta wa take so ya gan ta ba ɗankwali, wa kuma take so a faɗa wa ainihin ciwon, ku tsaya a kan abin da ta ce.