Tsohon fim ko sabo: wanne ya fi faɗin gaskiyar garin Brighton?

Tambaya: Malam, karatu ya kawo ni Brighton a kudancin Ingila. Abokan karatuna suna ta yi mini maganar wani fim mai suna Brighton Rock, na je nema sai na tarar guda biyu ne, na 1948 da na 2010. Wanne zan kalla? Kuma da gaske ne garin nan ya taɓa zama matattarar 'yan daba, ko ƙirƙira ce ta masu fim?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da tsohon. Ba na cikin masu cewa duk fim ɗin da aka sake yi ya lalace, amma a wannan karon ina da dalili, kuma dalilin yana cikin garin da kake zaune.

Duka biyun daga littafi ɗaya aka ɗauko su, na Graham Greene da ya fito a 1938. Labarin wani yaro ne ɗan shekara 17, Pinkie, da ya gaji shugabancin ƙaramin gungun 'yan daba. Sun yi kisa, wata yarinya mai raba abinci a gidan shayi, Rose, ta ga abin da zai tona musu asiri, sai ya aure ta don a rufe mata baki, saboda doka ba ta tilasta wa mace ba da shaida a kan mijinta. Sunan kuwa na alawar nan ne mai tsawo kamar sanda da kake gani a shagunan bakin ruwa, wadda ko ta ina ka karya ta za ka ga sunan garin a rubuce a cikinta.

Batun daba ba ƙirƙira ba ce. Brighton ƙauyen masunta ne a da, ana ce masa Brighthelmstone. A wajen 1750 wani likita, Richard Russell, ya yayata cewa wanka da ruwan teku, har da shan sa, magani ne, sai masu hali suka fara zuwa. Yariman da ya zama Sarki George na Huɗu ya fara zuwa a 1783, shi ya sa aka gina fadar nan mai ƙubbobi kamar a Indiya, Royal Pavilion. (Idan ka shiga, ka tambayi tarihin lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka mayar da ita asibitin sojojin Indiya, har da wurin girkin Musulmi daban da wurin sallarsu.) Abin da ya juya garin shi ne jirgin ƙasa daga Landan a 1841. Daga nan talaka ma yana iya zuwa da safe ya koma da dare. Inda jama'a suka taru da kuɗi a aljihu, ga filin sukuwa a kan tudu, ga caca, ai ɓata-gari ba za su yi nisa ba. A shekarun 1920 da 1930 gungun 'yan daba masu yawo da reza suna karɓar kuɗin kariya daga masu karɓar caca a filayen sukuwa, mafi shahara shi ne gungun Sabini na Landan. A 1936 aka yi wani mummunan faɗa a filin sukuwa na Lewes, kusa da ku, aka ɗaure mutane da dama. Kafin nan, a 1934, an tsinci gawarwakin mata biyu a cikin akwatuna a garin, ɗaya a tashar jirgi. Wannan iskar Greene ya shaƙa.

To, fim ɗin 1948, wanda John Boulting ya ba da umarni, a titunan Brighton ɗin aka ɗauke shi, kimanin shekara goma bayan waɗannan abubuwa. Ka lura da farkonsa, inda su Pinkie ke farautar wani ɗan jarida, Fred, daga mashaya zuwa lunguna zuwa tasha, har kan gadar shaƙatawa da ta kutsa cikin teku. Taron da yake kutsawa ciki, da yawansu mutanen gari ne da 'yan yawon buɗe ido da ke harkar gabansu. Rana tana haske, yara suna shan alawa, shi kuma gumi yana keto masa don ya san mutuwa ke bin sa. Wasu lungunan da za ka gani an rushe su tuni, yanzu sai a fim ɗin kawai. Har rubutu aka sa a farkonsa ana tabbatar wa mai kallo cewa wancan Brighton na daba ya wuce, don gari mai cin abinci da baƙi ba ya son a ɓata masa suna. Richard Attenborough kuma, wanda ya riga ya taka Pinkie a dandali a 1943, fuskarsa ta yaro ce sumul, idonsa a bushe, yana ta wasa da zare a yatsunsa. Ni har yau wannan zaren ya fi ba ni tsoro a kan rezar.

Na 2010, na Rowan Joffé, ya ɗauke labarin ya kai shi 1964, shekarar da samari 'yan Vespa da 'yan manyan babura suka gwabza a bakin ruwan Brighton. Zaɓin yana da hujja, domin 1964 ce shekarar ƙarshe da aka rataye mutum a Birtaniya, saboda haka tsoron igiya da ke tura Pinkie ga auren yana nan daram. Andrea Riseborough ta taka Rose da kyau ƙwarai, a ganina ta fi ta farkon, kuma Helen Mirren ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Sai dai Sam Riley, wanda ya taka Pinkie, yana dab da shekara 30 a lokacin, kuma da zarar Pinkie ya zama cikakken namiji, rabin abin da ke tayar da hankali a labarin ya tafi. Babban abin da ya shafi tambayarka shi ne, yawancin fim ɗin a Eastbourne aka ɗauke shi, mil 20 da wani abu gabas da ku, saboda Brighton ta sauya kama. Gadar da za ka gani ta Eastbourne ce. Wanda ke neman tarihin gari zai kalli wani gari sanye da rigar Brighton.

Akwai inda suka haɗu. Pinkie ya naɗa wa Rose muryarsa a faifan garmaho, yana zaginta, ita kuma ba ta da abin sauraro. A littafin, ta nufi gida za ta ji shi bayan mutuwarsa, nan aka tsaya. A fim ɗin 1948 faifan ya karce, allura ta maƙale a kan kalmar so tana maimaitawa, yarinyar ba ta kai ga zagin ba. Joffé ya ce daga littafi ya ɗauko nasa, amma da ya zo ƙarshe wannan karcewar ya ara.

Idan ka gama kallon tsohon, ka sauko daga tasha ta titin Queen's Road da ƙafa har bakin ruwa, ka hau gadar shaƙatawa ta Palace Pier da aka buɗe a 1899. Daga can ka dubi yamma, za ka hango ƙarafan tsohuwar gadar West Pier tsaye a cikin ruwa, abin da gobarar 2003 ta bari. Na 2010 kuma ka ajiye shi sai ranar da ka je Eastbourne.