Modem yana ɗauka amma shirme nake gani a allo

Tambaya: Salam Malam. Muna da tsohuwar sabar Linux a wurin aiki, na jona mata modem (na'urar haɗa kwamfuta da layin waya) a ttyS0, wato mashigar siriyal ta farko, don in riƙa kira ina shiga idan intanet ya ɗauke. Yana ɗauka lafiya har ya rubuto CONNECT 33600, amma maimakon wurin sa suna da fasuwod sai wasu haruffa marasa kan gado su cika min allo. Na sa 33600 a getty (manhajar da ke fito da wurin sa suna da fasuwod) ma ba canji. Don Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai wannan 33600 ɗin ba naka ba ne, cire shi. Gudu biyu ne a nan. Akwai na kan layin waya, wanda modem biyun ke sasantawa da kansu, yau 33600 gobe 28800 in layin na da ƙara. Sai na kebul ɗin da ke tsakanin modem da kwamfuta, shi ne kai za ka saita kuma ba a so ya motsa ko kaɗan, da zarar getty na magana a gudu ɗaya modem na saurare a wani to shirmen nan za ka yi ta gani.

Ni dai mgetty, wato getty ɗin da aka yi musamman don modem, nake ba mutane shawara. A mgetty.config ka rubuta speed 115200. Me ya sa har haka alhali layin bai kai ba? Saboda modem yana matse bayanai da tsarin V.42bis, rubutu zalla kan iya matsuwa har ninki huɗu, kaga kenan dole kebul ɗin ya fi layin gudu.

Amma kafin nan buga setserial /dev/ttyS0 ka ga UART ɗinka, wato cif ɗin da ke tafiyar da mashigar siriyal. In 16550A ne Alhamdulillah, yana da ma'ajiyar bait 16. In kuwa 8250 ko 16450 ne, bait ɗaya tal yake riƙewa, sauka 19200 ko za ka samu lafiya, in ba haka ba haruffa za su riƙa zubewa a hanya.

Sai modem ɗin kansa. Shiga ta minicom, manhajar da ake buga wa modem umarni da ita, a daidai gudun da ka zaɓa, ka sa saitin 8N1. In US Robotics ne buga AT&B1 don ya kulle gudun kada ya bi na layi, sai AT&H1&R2 don RTS/CTS (wayoyin da kwamfuta da modem ke ce wa juna dakata ko ci gaba da su), masu cif ɗin Rockwell kuma AT&K3 ne. Kar ka manta AT&W don ya adana saitin, mutane da yawa nan suke faɗuwa, a ɗauke wuta a dawo komai ya goge. Ka kuma bar S0=0, wato kada modem ya ɗaga waya da kansa, don mgetty da kansa yake ɗaga waya da ATA in ya ga RING.

Kuma kar ka sa rai da 56k ko da an rubuta V.90 (tsarin 56k) a kwali, wannan sai sabar na kan layin dijital irin ISDN. Modem biyu na gida 33600 ne iyakarsu. In ka gama duk wannan, amma shirmen bai tafi ba, canza kebul, wasu masu arha ba su da wayoyin RTS da CTS a ciki.